Me ya sa gwamnati ke rainon kamfanonin kwantum tun suna jarirai?

Tambaya: Malam, na ji cewa a Turai cibiyoyin bincike na gwamnati suna zuba miliyoyi a ƙananan kamfanonin kwamfutar kwantum waɗanda ko riba ba su fara ci ba. Ashe wannan ba aikin masu zuba jari ba ne? Me ya kawo kuɗin jama'a ciki?

Amsa: Ɗan'uwa, mai zuba jari yakan so ganin ribarsa cikin 'yan shekaru. Kwamfutar kwantum kuwa, wato sabuwar irin kwamfuta da ke lissafi da ɗabi'ar ƙananan ƙwayoyin zarra, har yau ana kan gininta, kuma kayan aikinta sun fi ƙarfin aljihun matasa uku ko huɗu da suka gama digirin dakta jiya.

Ɗauki irin wadda ake ƙerawa a Finland. Ƙwayoyin lissafinta, da ake kira kubit, ba sa aiki sai an sanyaya su zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifiri, sanyin da ya fi na sararin samaniya. Wannan yana buƙatar firji na musamman. Ana kuma ƙera su ne a ɗaki na musamman da ake tace iskarsa, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta lalata aikin makonni. Cibiyar bincike ta gwamnatin ƙasar, VTT, ita da Jami'ar Aalto suna da irin wannan ɗaki a birnin Espoo, mai suna Micronova. Daga cikin masu bincike na wuraren nan biyu aka samu waɗanda suka kafa kamfanin IQM a 2018. Kamar dai ubangida a kasuwa ne ya yaye yaronsa, amma ya bar masa rumfa da ma'auni ya ci gaba da amfani da su kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Sai dai a ganina gudummawar da ta fi rumfar muhimmanci ita ce zama mai saye na farko. A 2020 gwamnatin Finland ta ware wa VTT yuro miliyan 20.7 don a gina kwamfutar kwantum ta farko a ƙasar, VTT kuma ta ɗauki IQM abokin aiki. A 2021 aka kammala mai kubit 5, wadda aka raɗa wa suna Helmi, a 2023 aka yi mai kubit 20, a 2025 aka kai ga mai 50. Kubit biyar ba za su warware wa kowa wata matsalar kasuwanci ba, kowa ma ya san haka tun farko. Amfanin shi ne kamfanin ya koyi haɗa na'ura cikakkiya, ya miƙa ta a hannun mai ita, ta kuma yi aiki. Ranar da ya zauna da masu jari, yana da abin nunawa. Su kuma ɗalibai da masu bincike sun samu na'urar gwaji a gida, don an haɗa Helmi da babbar kwamfutar LUMI da ke garin Kajaani.

(Ko batun firjin ma, kamfanin Bluefors da ke cikin manyan masu ƙera shi a duniya ya fito ne a 2008 daga ɗakin gwaje-gwajen sanyi na jami'ar fasaha ta Helsinki.)

Faransa ma haka ta bi. Kamfanin Pasqal ya fito daga cibiyar bincike ta Institut d'Optique a 2019, kuma Alain Aspect, wanda ya ci kyautar Nobel a 2022, yana cikin waɗanda suka kafa shi. A 2021 ƙasar ta sanar da shirin yuro biliyan 1.8 na fasahar kwantum. Birtaniya ta sanar da nata na fam biliyan 2.5 na shekara 10 a 2023.

Damuwarka dai tana da tushe. Wasu daga cikin kamfanonin nan za su durƙushe, kuɗin haraji ya bi ruwa. Gwamnatoci sun yarda da wannan kasadar ne saboda babbar kwamfutar kwantum, idan ta samu, za ta iya ɓalle makullan sirri na bayanai da bankuna da sojoji ke dogara da su, kuma ba ƙasar da ke son ta riƙa roƙon irin wannan na'ura a hannun wata. Akwai kuma matsalar cewa idan yaron ya girma, mai kuɗi daga waje na iya ɗauke shi. Oxford Ionics, wanda ya tashi daga Jami'ar Oxford, kamfanin IonQ na Amurka ya saye shi a 2025 kan sama da dala biliyan 1.