Kar ki hana shi ƙwallo, 'yar'uwa

'Yar'uwa, kin ce sugan ɗanki mai ciwon suga nau'i na ɗaya yana faɗuwa duk ranar da ya buga ƙwallo, har kina tunanin hana shi. Wallahi kamar da bakina kika yi magana. Amma don Allah kar ki hana shi.

Nawa ba a fili abin ya same shi ba. Ya dawo lafiya lau, ya ci abinci, aka yi allurar insulin yadda aka saba, ya kwanta. Can cikin dare na ji wani irin nishi. Na tarar da shi sharkaf da zufa, jiki na rawa, ina kiran sunansa yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Hannuna na karkarwa, da ƙyar na iya gwada shi, sugan ya yi ƙasa da 50 a ma'aunin mg/dL. Har gobe in na tuna idanunsa a daren nan gabana faɗuwa yake.

Likitansa ne ya fahimtar da ni cewa bayan wasa tsoka tana ci gaba da jan suga daga jini don mayar da abin da ta ƙona, insulin kuma ya fi kama jiki, har tsawon awa 24. Don haka ranar ƙwallo ki gwada kafin barci, ki sake cikin dare. Maganar rage allura kuwa, wurin likitansa za ki kai.

Abin da ya fi ƙona min rai kocinsu ne. Da ya ji labari, a gaban yara ya ce shi ba ya ɗaukar marasa lafiya. Yaron da ba ya kuka ya shigo yana kuka, ya koma ɓoye allurarsa don kar a gani. Mutum babba fa! Ai Nacho, tsohon ɗan wasan Real Madrid, yana shekara 12 aka gano masa ciwon nan.

Ki gwada kafin ya fita, in bai kai 90 ba ya ci wani abu tukuna. In ya sauka ƙasa da 70, gram 15 na suga, a sake gwadawa bayan minti 15. In ya haura 250 kuma akwai kiton (sinadarin da jiki ke samarwa in yana ƙona kitse maimakon suga) a fitsari, babu wasa ranar. Kar a yi allurar a cinya in zai yi gudu, tana saurin shiga jini. Kuma ki samu abokinsa ɗaya a cikin 'yan wasan, ki nuna masa alamomin faɗuwar suga da inda sugan yake a jaka, don yaranmu kunya ke hana su faɗa.