Tambayoyinku ga Likita: Maikro-RNA, daga Tsutsa zuwa Gadon Asibiti

Tambaya: Likita, na ji an ba wasu masana biyu kyautar Nobel saboda binciken tsutsa. Ina ruwan tsutsa da lafiyar mutum? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗalibi, da ruwanta kuwa. Victor Ambros da Gary Ruvkun, dukansu 'yan Amurka, su ne suka karɓi kyautar ta fannin likitanci a 2024. Tun 1993 suka wallafa abin da suka gano a jikin wata 'yar tsutsa mai suna C. elegans, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Ka san kusan duk ƙwayoyin halittar jikinka umarnin gado iri ɗaya suke ɗauke da shi, amma ta hanta ba ta aikin ta tsoka. Me ke sa kowace ta tsaya a kan aikinta? Cikin masu wannan tsari har da maikro-RNA, wani ɗan guntun zare mai haruffan gado kamar 22. Yana manne wa saƙon da ke kan hanyar zama furotin, ya danne shi ko ya sa a rushe shi.

Da farko masana ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, sun zaci dabarar tsutsa ce kawai. Sai a 2000 ɗakin binciken Ruvkun ya gano wani maikro-RNA mai suna let-7, aka tarar yana jikin ƙuda, yana jikin mutum. Yau an san ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado fiye da dubu masu samar da irin waɗannan zaruruwa. Wani abu da ba a cika faɗa ba: Rosalind Lee, matar Ambros, ita ce sunanta ya fara zuwa a takardar binciken da suka wallafa tare da mijinta a 1993.

Tambaya: Likita, mahaifina na fama da sankarar jini. An ce wannan bincike ya samar da magani. Gaskiya ne? Daga wata baiwar Allah.

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu babu maganin maikro-RNA da hukumomin magunguna suka amince a ba marasa lafiya. Alaƙarsa da sankara dai ta tabbata. A 2002 George Calin da Carlo Croce sun nuna cewa a wani nau'in sankarar jini mai tafiyar hawainiya, zaruruwa biyu, miR-15 da miR-16, sukan ɓace ko su ragu. Su ne ke taka wa wasu ƙwayoyi birki, idan babu su sai ƙwayoyin su ƙi mutuwa a lokacinsu.

Gane hakan daban, mayar da shi allura daban. An gwada wani maganin maikro-RNA mai suna MRX34 a kan masu ciwon daji, aka dakatar da gwajin a 2016 saboda garkuwar jikin wasu ta yi mummunan tawaye, har aka rasa rayuka. Matsalar ita ce zare ɗaya na iya taɓa saƙonni ɗaruruwa, ka je gyara ɗaya ka ɓata goma. An kuma gwada miravirsen, maganin da ke toshe zaren miR-122 da ƙwayar cutar hanta nau'in C ke dogara da shi. Ya rage cutar a jini, amma sababbin magungunan sha masu warkar da ita suka riga shi shiga kasuwa. Don haka ku riƙe maganin da likitan jini ya ɗora Baba a kai, kada a tsallake ranar ganin likita.

Tambaya: Likita, ana iya gano ciwon daji ta gwajin wannan abu a jini? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, a ganina nan ne amfanin zai fara isowa. Waɗannan zaruruwa suna yawo a jini ba sa saurin lalacewa. Wanda ya fi ba da kyakkyawan fata shi ne miR-371a-3p, da ke hauhawa a jinin masu sankarar maraina. Amma gwaji ɗaya da zai tace dukkan nau'o'in daji bai samu ba tukuna. Idan ka ji ƙullutu, ko kana ramewa ba dalili, ka je a duba ka da hanyoyin da ake da su yau.

Tambaya: Na ga tallar wani ƙarin abinci a Facebook wai yana gyara maikro-RNA. In saya?

Amsa: A'a, ki adana kuɗinki.