Tsohon Hannun Sega Da Na PS2 A Kan Laftof: Me Ya Sa Wayar Da Na Saya Ta Ƙi Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohon hannun Sega Mega Drive mai maɓalli 6 da kuma hannun PS2. Injinan sun daɗe da lalacewa, hannayen ne suka rage. Na sa emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon injin gem, a laftof ɗina mai Windows 10, amma wasa da kibod ba daɗi. Na sayi wata waya a kasuwa, gefe ɗaya USB, ɗaya gefen mai ƙafa 9. Ta shiga hannun Segan cif, amma ko motsi bai yi ba. Wayar ce jabu ko hannun ne ya mutu? Na PS2 kuma yaya zan yi da shi? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, zare wayar nan daga jikin hannun, kada ka sake jona ta. Ba jabu ba ce, aikinta ne daban. Waya ce ta siriyal, wadda ake haɗa kwamfuta da tsofaffin na'urori irin su modem da wasu firintocin rasit. Sega ta yi amfani da irin wannan bakin mai ƙafa 9 a Mega Drive ɗin da ta fitar a 1988, amma abin da ke bi ta kowace ƙafa ba ɗaya ba ne. A hannun Sega, ƙafa ta 5 ce ke karɓar wuta bolt 5, ta 8 kuma ita ce ƙasa, wato hanyar da wutar ke komawa. A siriyal ƙafa ta 5 ɗin ce ƙasa. Ka ga ke nan hannunka bai ma samu wutar da zai tashi ba. Abin tsoron shi ne wasu ƙafafun siriyal suna iya fitar da wutar da ta kai bolt 12, kuma ɗan aisin (IC) da ke cikin hannun, wato ƙwaƙwalwarsa, bai san wannan ba. Yana iya tsira, yana iya ƙonewa.

Abin da kake buƙata adafta ce da aka yi musamman don Mega Drive, ko Genesis kamar yadda ake kiran injin a Amurka. A cikinta akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke yi wa hannun tambaya irin yadda injin Sega yake yi, sannan ta miƙa amsar ga kwamfuta ta USB. Tambayar kuwa dole ce, domin maɓallan sun fi wayoyin yawa. Injin yana kunna ƙafa ta 7 yana kashewa, a wani juyin waya ɗaya ta ba da labarin A, a wani juyin ta ba da na B. Hannu mai maɓalli 6, wanda ya zo a 1993, sai an maimaita wannan kunna-kashe sau da yawa cikin sauri kafin ya faɗi halin X, Y da Z. A nan adaftoci masu arha suke faɗuwa: za ka ga A, B, C suna aiki, layin sama shiru. Don haka ka duba kwalin, ka tabbata an rubuta tana ɗaukar mai 6. Ni dai na fi yarda da na Mayflash ko Raphnet a kan marasa suna, ko da sai an yi odarsu an jira.

Wani tarko kuma: hannayen gem ɗin nan mai kaset rawaya, kwafin Famicom da ya cika gidaje a da, su ma da yawansu bakinsu mai rami 9 ne. Tsarinsu na Nintendo ne, adaftar Sega ba za ta karanta su ba.

Na PS2 ya fi sauƙi. Adaftarsa daga PS2 zuwa USB, sau da yawa shuɗiya mai ɗaukar hannu biyu, ba ta wuyar samu wajen masu sayar da kayan gem da na kwamfuta, ka leƙa Kasuwar Sheikh Gumi ko shagunan titin Ahmadu Bello. Ka tafi da hannun da laftof ɗin a gwada a gabanka. Windows yakan gane ta ba tare da direba ba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura. Sai dai girgiza takan buƙaci direba, kuma irin waɗannan adaftocin ba sa isar da ƙarfin danni, wato bambancin danna maɓalli a hankali da danna shi da ƙarfi, wanda ƙalilan wasannin PS2 ke amfani da shi.

Da ka jona, kada ka yi saurin buɗe emuleta. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta joy.cpl, ka buɗe hannun da ya bayyana, ka danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya kana kallon suna haske. A na PS2 ka danna Analog har jar fitila ta kama, in ba haka ba sandunan ba za su yi aiki yadda ya kamata ba. Idan komai ya amsa a nan, duk matsalar da ta biyo baya ta saiti ce. Shiga wurin saitin hannu a emuletarka, ko RetroArch ce, Kega Fusion ko PCSX2, ka ɗora kowane maɓalli da kanka, kada ka yarda da jerin da ya zo da shi. A wasannin Sega ka zaɓi nau'in hannu mai 6, don wasu emuletocin a kan mai 3 suke farawa. Idan kuma wata manhaja ta ƙi ganinsa sam, galibi hannun Xbox kawai take nema, wata 'yar manhaja mai suna x360ce za ta sa ta ɗauka na Xbox ɗin ne.

Za ka iya jin hannun yana ɗan nauyi, ka danna sai an jima mutumin ya yi tsalle. Adafta ta gama-gari ana karanta ta sau 125 a daƙiƙa, jinkirin da bai kai tsawon hoto ɗaya na wasan ba. Mafi yawan laifin na talabijin ne idan ka jona laftof da shi, sai ka kunna masa saitin gem. Idan kuma wasan ne ka ji ya fi yadda ka sani gudu, wataƙila injin da ka taso da shi na tsarin Turai ne mai hoto 50 a daƙiƙa, yanzu kuma kana buga bugun Amurka mai 60.

Idan a joy.cpl maɓalli ɗaya ko biyu ne suka ƙi, yawanci ƙurar hunturu ce da dattin shekaru. Kwance hannun, ka goge allon da baƙaƙen robobin da auduga da ɗan sifirit, ka bari su bushe kafin ka mayar. Idan kuwa da adaftar da ta dace hannun Segan ya yi shiru gaba ɗaya, kai shi wajen mai gyaran rediyo ya auna wayar da mita tukuna, don ta fi yawan tsinkewa daga ciki a daidai inda ta shiga jikin hannun. Sai wayar ta fita lafiya za a zargi aisin.