Fijo 504 ta mutu murus, ko fitila ba ta kawowa

Tambaya: Malam, na san shafin nan na waya da kwamfuta ne, amma ka taimaka. Fijo 504 ce na gada wajen mahaifina. Jiya na ajiye ta lafiya lau a Mabera, cikin Sakkwato, yau na murɗa makulli shiru. Ba fitila, ba oda, dashbod duhu. An ce in sayi sabon batir. In saya?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Kada ka saya tukuna, Malam. Wuta dai wuta ce, ko a waya ko a mota, kuma 504 ba ta da kwamfuta a cikinta, wayoyi ne kawai da za ka iya bi da ido. Tun 1975 aka fara harhaɗa ta a Kaduna, shi ya sa masu wayarin namu suka san ta ciki da waje.

Da fitila ɗaya ce ta mutu, da na ce fis ne. Amma komai ya ɗauke lokaci guda, to matsalar tana kusa da batir, kafin wutar ta rarrabu. Turi ma da wuya ya tashe ta, don koyil yana buƙatar wuta kafin fulogi ya ba da tartsatsi.

Ka ari mita wajen mai gyaran waya, irin wadda yake auna batir da ita, ka juya maɓallinta zuwa inda aka rubuta DC 20, wato ma'aunin volt. Ɗora tsinkayen a kan dalmar batir ɗin kanta. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 ko kusa da haka. In ya sauka ƙasa da 12, ya zube, sai caji. Ka leƙa ruwansa kuma. Zafin Sakkwato, musamman Afrilu da Mayu da yake wuce digiri 40, yana shanye ruwan batir. Tataccen ruwan batir (distil) za ka ƙara, ba asid ko na famfo ba.

In batir ya nuna lafiya, to nan ne aikin yake. Kunna fitilun gaba ka bar su a kunne, ka matsar da tsinkayen daga dalma zuwa ƙarfen da ya riƙe ta. In lamba ta faɗi, ka kama ɓarawon. Sau da yawa za ka ga wani farin gari mai ɗan kore ya taru a wurin kamar gishiri, ko ka taɓa kan batir ɗin ka ji yana juyawa a hannunka. Na sha ganin an jawo mota da igiya har gareji saboda wannan kaɗai, abin yana ba ni takaici. Kwance kan negatif (mai alamar −) da farko, sannan na fositif (mai alamar +), don kada sifana ta taɓa jikin mota ta yi tartsatsi. Cire zobe da agogo, kada kowa ya sha taba kusa. Wanke da ruwan zafi, goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka mayar da fositif kafin negatif, ka ɗaure tamau.

Daga nan bi baƙar wayar da ta tashi daga negatif zuwa jikin mota. Tsatsa a inda aka ɗaure ta tana kashe mota gaba ɗaya. Sai babbar wayar fositif da ta sauka kan kik, ka duba notinta da ƙananan wayoyin da ke kusa, ko wata ta ƙone ko ɓera ya ci.

In fitilun gaba suka kawo amma dashbod shiru, ka zargi makullin, wannan kuma aikin mai wayarin ne. Ranar da ta tashi, sake aunawa inji yana aiki: ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In lamba ta tsaya a 12, altaneta, wato na'urar da ke caja batir, ba ta caji, kuma sabon batir ma zubewa zai yi.