Kun Tambaya, Mun Amsa: Hidimar Kare Rai a Cocin Katolika

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karo duk kan rai suke, daga na ɗan da ke cikin ciki har na dattijon da ke kan gadon asibiti. Mun ɓoye sunayen masu tambaya. Masu amsawa sun haɗa da limamin coci, da ma'aikaciyar jinya, da wadda ta daɗe tana hidimar mata masu juna biyu.

Tambaya: Fada ya ɗora mini kafa ƙungiyar kare rai a cocinmu. Ba na so ta zama taron da za a yi sau uku a watse. Ta ina zan fara? Daga wani katikis.

Malam Katikis, fara da sanin abin da ƙungiyar za ta tsaya a kai. Katikizim na Cocin Katolika, wato littafin da ya tattara koyarwar cocin, a lamba ta 2258, ya ce ran ɗan Adam mai tsarki ne domin tun farkonsa aikin hannun Allah ne, kuma Allah kaɗai ne Ubangijin rai daga farko har ƙarshe. Lamba ta 2270 ta ƙara da cewa dole a kare wannan rai tun daga lokacin da ciki ya shiga. Koyarwar ta daɗe ƙwarai: Didake, ɗaya daga cikin rubuce-rubucen Kirista mafi tsufa bayan Sabon Alkawari, ya hana zubar da ciki da kashe jariri. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya tattara wannan koyarwa a wasiƙarsa Evangelium Vitae, wato Bisharar Rai, ranar 25 ga Maris 1995. Ku karanta ta tare a taronku, ko da sakin layi biyu ne kowane wata. Hidimar ta shafi tsofaffi da naƙasassu da masu jinya, har ma da fursunoni, tun da a 2018 Fafaroma Francis ya sauya lamba ta 2267 ta Katikizim, ta ce hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne. Amma kada ku rungumi duka a shekarar farko. Ku fara da mace mai cikin da ta rasa mafita.

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa. A cikinsu a sami ma'aikaciyar jinya ko ungozoma, da dattijuwa mai riƙe sirri, da ma'aurata guda, da wanda ya iya lissafin kuɗi. Ka zaɓe su da kanka tare da Fada. Idan ka yi shela a coci cewa duk mai so ya zo, za ka sami masu zafin kai da masu son jin labarin mutane, kuma su ne ke kashe irin wannan hidima.

Aikin watan farko takarda ɗaya ce. Ku rubuta asibitin da ke awon ciki da ranakun da yake yi, da inda ake karɓar haihuwa da dare, da mai motar da za a iya tashinsa ƙarfe biyu na dare, da gida biyu ko uku da suka yarda su sauke yarinyar da aka kora daga gidansu, da lauya ko jami'in jin daɗin jama'a, da makarantar da za ta sake karɓar ɗaliba bayan ta haihu. Kowace lamba ku buga ta da kanku ku tabbatar ana ɗauka, ku kuma sake bugawa bayan wata shida, domin lambobi na mutuwa, mutane na sauya wurin aiki. Sai ku sayi waya guda ta ƙungiya, mata biyu su riƙa karɓa-karɓa da ita mako-mako. Lambar ta kasance a allon sanarwa, da kuma a bayan ƙofar makewayin mata, inda yarinya za ta iya kwafe ta ba wanda ya gan ta.

Idan ta kira, a gan ta cikin awa 24. Mace mai cikin da ba ta shirya masa ba takan yanke shawara cikin 'yan kwanaki, kuma wanda ya fara sauraronta shi ke da tasiri a kanta. Mata biyu su same ta a wurin da ita ta zaɓa. Kada namiji ya keɓe da ita. A bar ta ta yi magana har ta gama, sannan a tambaye ta abu uku: yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, wa ya sani, kuma me ta fi tsoro. Amsar tambaya ta uku ita ce aikinku. Wata tsoron mahaifinta take, wata kuɗin haya, wata korar makaranta, wata kuwa mijin ne ya ce bakin da yake ciyarwa ya ishe shi. Wa'azi a wannan zama na farko yakan rufe ƙofa. Ta riga ta san abin da coci ke koyarwa. Abin da ba ta sani ba shi ne ko akwai wanda zai raka ta asibiti ranar Talata.

A kai ta awo cikin makon. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, tana ba da shawarar a ga mai ciki aƙalla sau takwas kafin haihuwa, na farko cikin makonni 12 na fari. Kowane ɗan ƙungiya ya haddace alamomin haɗari: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar ruwa kafin lokaci, da raguwar motsin ɗa. Ko ɗaya aka gani, asibiti nan take, a yi addu'ar a cikin mota. Ku kuma ba likitoci ba ne, kada ku rubuta wa kowa magani.

Abin da ya fi rusa wannan hidima shi ne baki. Rana ɗaya aka ambaci sunan yarinya a taron addu'a da sunan neman a yi mata roƙo, shi ke nan, ba wadda za ta sake kira har shekaru. A littafin ƙungiya a ba kowace lamba maimakon suna, littafin ya zauna a kulle. Sirrin yana da iyaka guda, kuma ku gaya mata tun farko: idan ƙaramar yarinya ce, ko fyaɗe aka yi mata, ko ana dukanta, ko tana maganar kashe kanta, dole a sanar da Fada da hukumar da doka ta tanada. Na biyu shi ne kuɗi. Kada a miƙa tsabar kuɗi a hannu, a biya asibiti ko mai gida kai tsaye a karɓi rasit, mutum biyu su sa hannu a kan kowace fitarwa, a karanta lissafi a gaban Fada duk wata uku. Na uku, alkawarin da ba za a iya cikawa ba. Gara ku ce za mu biya awo da kayan haihuwa, ku cika, da ku ce za mu ɗauki nauyin kome. Na huɗu kuwa shi ya fi ba mu takaici: a yi ta ɗawainiya har ta haihu, a kai kyautar zani da sabulu, sai kowa ya ɓace. Makonni shida na bayan haihuwa su ne mafi wuya, lokacin ne jini ko zazzaɓi ko baƙin cikin bayan haihuwa ke kama mace. Ku rubuta a tsarinku cewa za a riƙa ziyartarta har yaron ya shekara.

Tambaya: Na zubar da ciki shekaru da dama da suka wuce. An ce mini an yanke ni daga Ikkilisiya. Tun lokacin ban karɓi Jibin Ubangiji ba. Akwai hanyar dawowa? Daga wata uwa.

'Yar'uwa, akwai, kuma ba ta da nisa. Gaskiya ne dokar Ikkilisiya ta ɗora wa zubar da ciki hukuncin yankewa daga tarayya, wanda ke faɗawa kan mutum da kansa ba sai an yi shela ba. A kundin dokokin Ikkilisiya, a da doka ta 1398 ce, bayan gyaran 2021 ta koma 1397, sashe na 2. Amma dokoki na 1323 da 1324 sun gindaya sharuɗɗa. Hukuncin ba ya hawa kan wadda ba ta kai shekara 18 ba a lokacin, ko wadda ba ta san akwai irin wannan hukunci ba, ko wadda aka tilasta, ko wadda ta yi shi cikin tsoro mai tsanani. Mata da yawa da ke zaton an yanke su, ba a taɓa yanke su ba. Hukuncin kuma bai tsaya kan mace kaɗai ba, yana iya hawa kan wanda ya yi aikin da wanda in ba da taimakonsa ba da ba a yi ba.

Ko da ya hau kanki, a wasiƙar Misericordia et Misera ta 20 ga Nuwamba 2016, Fafaroma Francis ya ba kowane Fada ikon gafarta wannan zunubi, ba sai an kai maganar gaban bishop ba. Ki je wurin furta zunubi, a cocinku ko wani coci inda ba a san ki ba, duk ɗaya ne. Ki faɗi abin da ya faru da sau nawa, ba a bukatar sunan kowa ko dogon bayani. Idan kuka ya ci ƙarfinki, ki rubuta a 'yar takarda ki karanta. Doka ta 983 ta haramta wa Fada bayyana abin da ya ji ko da za a kashe shi, kuma ba zai tilasta miki ki tona wa kanki asiri wurin miji ko dangi ba. Da kin sami gafara, kina iya karɓar Jibi a ranar.

Ciwon zuciya yakan daɗe fiye da laifin, musamman idan watan da ya kamata a haifi yaron ya zagayo. Saboda haka ne Vicki Thorn ta kafa hidimar Project Rachel a birnin Milwaukee na Amurka a 1984, da sunan Rahila mai kukan 'ya'yanta a Irmiya 31:15. Ki tambayi ofishin dayosis, wato ofishin bishop na yankinku, ko suna da irinta. Wasu matan suna samun sauƙi idan suka raɗa wa yaron suna suka miƙa shi ga Allah cikin addu'a.

Tambaya: Likita ya ce cikin matata ya zauna a wajen mahaifa, a cikin bututun da ƙwai ke bi, kuma sai an yi aiki. Idan mun yarda, mun zubar da ciki ke nan? Daga wani magidanci.

Ɗan'uwa, kada ku jinkirta ko na yini guda. Bututun siriri ne, ba zai iya riƙe ciki mai girma ba. Idan ya fashe, jini na zuba a cikin cikinta inda ido ba ya gani. Ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ciwo a ƙarshen kafaɗa, jiri ko suma, duk alamun gaggawa ne.

Cire ɓangaren bututun da ya lalace halal ne a koyarwar Katolika. Dalilin shi ne ƙa'idar aiki guda mai sakamako biyu: aikin kansa magani ne ga gaɓar da ke neman kashe uwa, niyya ceton ranta ce, mutuwar ɗan ba ita ce hanyar da ake bi a cece ta ba, kuma dalilin mai nauyi ne matuƙa. Malaman ɗabi'a na Katolika sun yi saɓani kan wasu hanyoyi biyu, wato allurar methotrexate, maganin da ke tsayar da girman cikin, da tsaga bututu a ciro ɗan a bar bututun. Ku tambayi likita wace hanya yake nufi da ko hoton ciki ya nuna bugun zuciya. Idan ɗan ya riga ya mutu, babu sauran matsalar lamiri a kowace hanya. Mace mai bututu ɗaya lafiyayye tana iya sake ɗaukar ciki.

Tambaya: 'Yata ta yi ɓari a wata na huɗu, aka yi mata wankin mahaifa. Zunubi ne? Ina makomar ɗan da ba a yi wa baftisma ba? Daga wata kaka.

Mama, ba zunubi ba ne. Ɗan ya riga ya rasu, wankin kuwa yana hana zubar jini da ruɓewa. Katikizim a lamba ta 1261 ya ce Ikkilisiya tana miƙa irin waɗannan yara ga jinƙan Allah tare da begen cewa akwai hanyar ceto dominsu, kuma doka ta 1183 ta yarda bishop ya ba da izinin yi musu jana'izar coci idan iyaye sun yi niyyar baftisma. Ba a yi wa gawa baftisma. Idan kuwa an haifi ɗa da sauran numfashi, kowa na iya yi masa: a zuba ruwa mai tsabta a kansa sau uku ana cewa, ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Daga baya a sanar da Fada ya rubuta a rajista.

Tambaya: Ciwon daji ya ci jikin mahaifinmu, ya ce ya gaji da magani. Idan muka bari, mun kashe shi? Daga 'ya'yansa.

'Yan'uwa, ba ku kashe shi ba. Lamba ta 2278 ta Katikizim ta halatta dakatar da maganin da wahalarsa ta fi amfaninsa, kuma shawarar ta mara lafiya ce muddin yana cikin hayyacinsa. Abin da aka haramta a lamba ta 2277 shi ne yin wani abu, ko ƙin yinsa, da nufin jawo mutuwa. Kulawa ta yau da kullum ba ta tsayawa: wanka, juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, jiƙa masa leɓe, da abinci da ruwa muddin jikinsa na karɓa. Maganin kashe zafi mai ƙarfi irin su mofin halal ne ko da ana tsoron zai rage masa kwanaki, in dai niyyar sauƙaƙa ciwo ce; lamba ta 2279 ta faɗi haka. Ku kira Fada tun Baba yana iya magana, domin ya furta zunubi, a shafe shi da mai, ya karɓi Jibi tun yana iya haɗiya.