Tambaya da Amsa: Ƙarar Tireloli Ta Hana Mu Barci

Tambaya: Malam, gidanmu na bakin titi a Mararrabar Jos. Tireloli da tankoki ba sa barinmu mu runtsa. Ana auna ƙarar nan kuwa? Me zan yi? Daga wata uwar 'ya'ya huɗu.

Amsa: Hajiya, sannu da haƙuri. Ana aunawa, ma'aunin kuwa desibel ake ce masa. A Turai, kafin a amince da sabuwar mota, sai an kafa makirfo mita 7.5 daga tsakiyar layin da take bi, a ji ƙararta. Ke ma kina iya sa manhajar auna sauti a wayarki, za ta ba ki kwatankwaci. Abin tsoron shi ne desibel 85: wanda ke yini cikinsa awa 8 kullum, jinsa na raguwa a hankali. Direba da yaron mota su ne a gaba.

In mota tana tafiyar hawainiya, inji da salansa ke ruri. In ta ɗau gudu, tayoyi ne. A wajenku, inda tireloli ke fakin su kwana, na fi zargin fasasshiyar salansa, da barin inji yana aiki, sai kuma ham ɗin iska da wasu ke dannawa don nishaɗi kawai.

Kada ki dogara da shuka dogon yaro, ganye ba ya tare ƙara sosai. Katangar bulo doguwa marar kafa ta fi. Ki toshe ramukan taga, ki mayar da yara ɗakin baya. Ku haɗu da maƙwabta ku sami shugabannin direbobi. In abin ya faskara, hukumar NESREA, mai kula da dokokin kare muhalli a Najeriya, na da dokar ƙara tun 2009.