Yaushe Za a Fara Ba Jariri Kunun Gyaɗa da Ƙwai?

Tambaya: Likita, 'yata ta cika wata 6. Ƙanen mahaifinta yakan yi borin jini idan ya ci gyaɗa, don haka surukata ta ce kada a ba yarinyar kunun gyaɗa ko ƙwai sai an yaye ta. Shin haka ne?

Amsa: Malama, a da likitoci ma haka suke faɗa. A shekarar 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a jinkirta gyaɗa har shekara 3 ga yaran da ke da irin wannan a danginsu, amma ta janye maganar a 2008. Daga baya, wani bincike da aka yi a Landan kan jarirai 640, wanda aka fitar a 2015, ya nuna cewa waɗanda aka saba musu da gyaɗa tun suna ƙanana, matsalar ta ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin 100. Ke nan jinkirin ba ya kare yaro, kuma borin jinin ƙanen uba bai isa dalilin hana ta ba.

Ki ci gaba da shayarwa, ki zaɓi safiyar da take lafiya lau, ki dama kunun da gyaɗar da aka niƙa ta yi laushi sosai, ki lasa mata kaɗan a bakin cokali, ki jira minti 10 kafin ki ƙara, sannan ki sa mata ido na awa 2. Idan jikinta ya karɓa, kada ki daina. Ki riƙa ba ta sau biyu ko uku a mako. Ƙwai kuma a dafa shi har gwaiduwar ta yi tauri, a wata rana dabam, domin a gane mai laifi idan wani abu ya taso. Ban da ƙwayar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, don suna shaƙe yaro, haka ma gyaɗar da ta yi funfuna.

Amma idan tana da ƙuraje masu ƙaiƙayi da bushewar fata mai tsanani, ko ta taɓa yin bori bayan cin wani abinci, likita ya fara duba ta tukuna. Idan kuwa bayan ta ci kika ga leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi yana sarƙewa, tana ta amai ko jikinta ya saki, ki garzaya asibiti nan take, domin allurar adiranalin ce maganinsa, ba jiƙo ko manja ba.